Ɗalibai 50 a aji, karatu safe da yamma: me ya hana hankalin malaman arewacin Kamaru kwanciya?

Ranar Litinin 5 ga Oktoba 2020 gwamnatin Kamaru ta tsayar domin ɗaliban firamare da sakandare su koma aji baki ɗaya bayan rufe makarantu da cutar korona ta jawo, wata guda bayan lokacin da aka saba. Komawar ta zo da sharuɗɗa: kada aji ya wuce ɗalibai 50, makarantar da yaranta suka yi yawa ta raba su kashi biyu, wasu da safe wasu da yamma, a sa takunkumin fuska, a ajiye ruwa da sabulu domin wanke hannu. Dab da ranar, a Marwa da Garwa da Ngaundere, manyan biranen arewacin ƙasar, iyaye na ta tambayar wane lokaci ne zai faɗo wa 'ya'yansu. Tambayar malamai ta fi wannan nauyi: wa zai samar da ajin, da ruwan, da malamin da zai tsaya wa kashi na biyu? Galibinsu ba cewa suke kada a buɗe ba. Damuwarsu ita ce dokar ta ɗauka cewa akwai wasu abubuwa a makaranta, alhali a arewa babu su tun kafin korona ta zo.

Yadda aka zo nan

Ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Yawunde. Ranar 17 ga watan Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya karanta matakai 13, ciki har da rufe iyakoki, hana taron da ya wuce mutum 50, da rufe makarantu tun daga na ƙananan yara har jami'a. A lokacin waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su kai ashirin ba. Daga 13 ga Afrilu sa takunkumi a bainar jama'a ya zama dole, amma a ƙarshen watan aka sassauta wa mashaya da gidajen abinci da motocin haya.

Ranar 1 ga Yuni, mako guda bayan ƙaramar Sallah, aka buɗe wa jami'o'i da azuzuwan da ke da jarrabawar ƙarshe, wato masu zana CEP ta gama firamare, da BEPC ta gama ƙaramar sakandare, da Probatoire da Bakaloriya na shekaru biyun ƙarshe na sakandare, da takwarorinsu na ɓangaren Ingilishi. A ranar masu cutar sun kai wajen 6,000. Malamai da dama sun riƙe wannan a matsayin hujja: an rufe sa'ad da cutar ke hannun mutane ƙalilan, an buɗe sa'ad da take yaɗuwa. Amsar hukuma ita ce a Maris ba a san halin cutar ba, a Yuni kuwa an san hanyoyin kariya, kuma ba za a bar shekara ta tafi a banza ba. An yi jarrabawa a Yuli da Agusta. Zuwa ƙarshen Satumban 2020 adadin waɗanda suka kamu ya haura 20,000, waɗanda suka rasu sun wuce 400.

Sai dai gwajin Yuni bai isa ya nuna yadda Oktoba za ta kasance ba. A Yuni ajin ƙarshe kaɗai ke makaranta, sauran ɗakunan duk fayau suke, shi ya sa aka iya ƙayyade ɗalibai 24 a aji a sakandare aka baza su. A Oktoba kuwa kowa zai dawo lokaci guda, har da waɗanda rabonsu da alli ya fi wata shida.

Me 50 take nufi a cikin ɗaki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar tazarar akalla mita ɗaya tsakanin mutum da mutum. A ɗauki aji mai tsawon mita 9 da faɗin 7, wato murabba'in mita 63. A cire wurin allo da teburin malami da hanyar wucewa, abin da zai rage bai fi 50 ba. Kenan kowane yaro na da murabba'in mita ɗaya tare da bencinsa, kuma bencin makarantunmu na zaman mutum biyu ko uku ne a manne. Lissafin 24 shi ne wanda ya yi daidai da tazarar mita ɗaya. Lamba 50 sulhu ne tsakanin abin da likita ke so da abin da ginin zai iya ɗauka, kuma gara a kira ta da sunanta domin kada iyaye su ɗauka an kawar da haɗari.

Duk da haka, ga makarantu da yawa a arewa 50 ɗin ma ci gaba ne. Jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tare da Gabas, su ne gwamnati da kanta ta ware a matsayin yankunan da ilimi ke buƙatar kulawa ta musamman, saboda ƙarancin azuzuwa da malamai da yawan yaran da ba sa gama firamare. Ajin farko mai yara ɗari ko fiye ba baƙon abu ba ne a cikin garin Marwa ko Kuseri. Idan aji na da 100, rabi da safe rabi da yamma ya warware lissafi. Idan 130 ne fa? Kashi biyu bai isa ba. Akwai kuma makarantun firamare a birane da tun da can rukuni biyu ke karɓa-karɓa a gini ɗaya. Waɗannan sun riga sun cinye dabarar da aka ba su a matsayin magani, babu wani lokaci na uku a yini da za su shiga.

Raba aji ba ya raba malami. Ko dai malami ɗaya ya maimaita darasi sau biyu a rana, ko a rage sa'o'in kowane kashi, ko a ɗauko sabon malami. Na farko zai gajiyar da shi, ya kuma bar shi cikin yara tun safe har la'asar sakaliya, yana magana da ƙarfi ta cikin ƙyalle. Na biyu zai rage karatu a shekarar da ake buƙatar ƙari, tunda waɗanda ba su koma a Yuni ba sun rasa zango na uku ɗungurungum. Na uku kuwa kuɗi yake so, kuma a nan maganar ta koma kan iyaye.

Malamai ba iri ɗaya ba ne

Wanda ke son fahimtar wannan muhawara sai ya bambance malaman. Akwai ma'aikacin gwamnati mai lambar albashi, wanda kuɗinsa bai tsaya ba a watannin rufewa. Akwai wanda aka tura aiki amma takardunsa na kwance a Yawunde, yana koyarwa yana jiran lamba, wani lokaci shekaru. Akwai malamin makarantar kuɗi, wanda albashinsa ke fitowa daga kuɗin da iyaye ke biya, kuma da yawansu sun ga samu ya ragu ko ya yanke da aka rufe. Sai kuma malamin iyaye, wanda ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE ke ɗauka ta biya shi ɗan abin da ya samu daga karo-karo. A ƙauyukan arewa wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Makaranta mai aji shida za ka iske shugabanta da wani mutum ɗaya ne na gwamnati, sauran duk na iyaye.

Wannan bambanci shi ya sa muryar malamai ba ta fito ɗaya ba. Mai albashin gwamnati yana iya cewa a dakata sai an kammala shiri, domin jinkiri ba ya taɓa tukunyarsa. Malamin iyaye da na makarantar kuɗi su suka fi kowa matsuwa a buɗe, alhali su ne mafi rashin kariya idan suka kwanta ciwo. Ba su da inshora, ba su da tabbacin za a biya su kwana 14 na killacewa, ba su da tabbacin ba za a maye gurbinsu ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya tashi da tari da zazzaɓi, abin da ya fi kusa shi ne ya sha magani ya shiga aji ya yi shiru. Ta fuskar kare lafiyar yara wannan ne gibin da ya fi girma, kuma ba a rufe shi da bokiti ko sabulu. Abin da zai rufe shi alkawari ne a rubuce cewa malamin da ya zauna gida saboda alamun cuta ba zai rasa kuɗinsa ko aikinsa ba.

Akwai kuma batun shekaru. Cutar ta fi tsanani ga dattawa da masu ciwon suga da hawan jini. Yaro na iya ɗauka ya warke ba a ma sani ba, amma malamin da ya haura 55 lissafinsa daban ne. Abin da irin waɗannan ke nema shi ne a rage musu cuɗanya, a ba su aikin ofis ko ƙananan rukunoni. A makarantar da malamai uku ke riƙe da aji shida babu wanda za a ɗauke wa komai.

Ruwa

Wanke hannu shi ne umarnin da ya fi sauƙin faɗa. A ɗauki makaranta mai yara 600, kowane ya wanke hannu sau uku a rana da rabin lita. Lita 900 kenan, jarka 45 mai cin lita 20, kowace rana, ban da ruwan sha da na bayan gida da na share aji tsakanin kashin safe da na yamma. Makarantar da ke da famfo ko rijiyar burtsatse mai aiki za ta iya. Wadda ba ta da shi, ko dai ta sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, ko ta tura yara ɗiba, kuma an san cewa 'yan mata za a tura, a lokacin da ya kamata suna aji. Lokacin komawar ƙarshen damina ne, rijiyoyi na da ruwa. Gwajin gaskiya zai zo daga Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da garuruwa irin su Mora da ƙauyukan duwatsun Mandara ke shiga ƙishirwar da suka saba kowace shekara.

Arewa ta san darajar wannan magana tun kafin korona, domin kwalara ta ratsa jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa a 2018 da 2019. Bokiti mai famfo da aka raba a Yuni ya taimaka, amma sabulu ƙarewa yake, famfon roba kuma karyewa yake a hannun yara ɗari. Rabon kaya sau ɗaya gaban kyamara daban yake da kasafin wata-wata.

Zazzaɓin wa za a yarda da shi?

Na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa tana da matsala ta musamman a nan. Satumba da Oktoba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a Arewa Mai Nisa. Yaran da jikinsu zai yi zafi a layin safe, mafi yawansu maleriya ce. Daga Disamba hunturu zai shigo da ƙura da mura da tari, kuma a lokacin ne ake rufe tagogi saboda sanyi, alhali iska mai ratsa ɗaki na daga cikin manyan kariya. Malami ba likita ba ne. In ya kori duk mai zazzaɓi aji zai watse, iyaye kuma su yi masa ca. In ya bar kowa ya karya doka, kuma in wani abu ya faru shi za a tambaya. An ba da lambar 1510 domin kiran gaggawa, akwai kuma reshen cibiyar binciken cututtuka ta Pasteur a Garwa da ke gwaji, an kuma kawo gwajin gaggawa a asibitocin gundumomi. Amma tsakanin makarantar ƙauye da wurin gwaji akwai tafiya da kuɗin babur, ga damina ta lalata hanyoyi. Gadar Palar da ke kan hanyar Marwa zuwa Mora ta karye a ƙarshen Agustan 2020. Abin da shugabannin makarantu ke buƙata ƙa'ida ce gajeriya: yaro ya yi zafi, ina za a zaunar da shi, wa za a kira, kwana nawa zai yi a gida, mutum nawa za su kamu kafin a rufe aji.

Abin da likitoci suka sani zuwa lokacin komawar

Bayanan da aka tara daga ƙasashe da dama sun nuna yara ba su cika yin ciwo mai tsanani ba, kuma ƙanana ba su kai matasa yaɗa cutar ba. Shi ya sa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a Agustan 2020 ta raba su: 'yan shekara biyar zuwa ƙasa kada a tilasta musu takunkumi, 'yan 6 zuwa 11 a duba yanayin wurin, daga 12 zuwa sama su sa kamar manya. Wannan na nufin haɗarin sakandare ya fi na firamare, kuma ɗakin malamai, inda manya ke zama su cire takunkumi su sha shayi, na iya fin aji haɗari.

A Yuli Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa cutar na iya bin iska a ɗaki mai cunkoso marar tagogi. Misalin da ya fi kama da namu ya faru a wata sakandare a birnin Ƙudus a watan Mayu: kwanaki kaɗan bayan buɗewa aka yi tsananin zafi, aka ɗage dokar takunkumi, azuzuwa na da yara sama da 35, sai ɗalibai fiye da 150 da ma'aikata 25 suka kamu. Wanda ya san Marwa a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40 ƙarƙashin rufin kwano, ya san yaro ba zai yini da ƙyalle a fuska ba. A gefe guda arewa na da wata dama da ba a cika ambata ba. Da rani babu ruwan sama, kuma karatu a rumfa ko ƙarƙashin dalbejiya, wanda ake ɗauka abin kunya, ya fi ɗaki mai tagogin bulo aminci ta fuskar wannan cuta.

Hujjar masu cewa a buɗe

Hujjar gwamnati da hukumomin duniya ba ƙarama ba ce, kuma a arewa ta fi ƙarfi. Tun a Afrilu UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da tsarin sake buɗe makarantu, suna gargaɗin cewa duk tsawon zaman yaro a gida, komawarsa na ƙara wuya. An ga haka a Saliyo lokacin Ebola, inda rufe makarantu na watanni ya zo da ƙaruwar cikin 'yan mata ƙanana. A nan abin da ake tsoro shi ne aure da talla da gona da kiwo. Yarinyar da aka ɗaura wa aure a watanni shidan rufewar ba za ta dawo ba, ko an kawo sabulu nawa.

Karatu daga nesa bai cike gurbin ba. Gidan talabijin na CRTV ya watsa darussa, ma'aikatar ilimin sakandare ƙarƙashin Nalova Lyonga ta sa wasu a intanet, amma wannan na amfanar gidan da ke da wuta da talabijin ko waya da kuɗin data. Yaron ƙauye a gundumar Mayo-Danay ko Faro bai ga komai ba.

A kan iyaka kuwa makaranta ta wuce wurin karatu. A gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari na jihar Arewa Mai Nisa, masu iyaka da Najeriya, akwai makarantun da Boko Haram ta rufe tun 2014, 'yan gudun hijira na cikin gida a jihar sun haura 300,000, ban da 'yan Najeriya da ke sansanin Minawao. A farkon Agustan 2020 aka kai hari kan masu gudun hijira a ƙauyen Nguetchewe aka kashe mutane da dama. Yaran da suka gudo su ne suka cika azuzuwan Mora da Mokolo. Ga malamin da aka tura irin wannan wuri korona tsoro ne na biyu, ga yaro kuma zaman banza na da haɗarin da ya fi na aji.

Masu wannan ra'ayi na ƙara da cewa kasuwa a buɗe take, masallatai da majami'u sun cika, motoci na ɗaukar lodi. Yaron da ke yini a babbar kasuwar Garwa ba a kare shi da komai ba don an hana shi aji. Ƙasashe sun rabu a kan haka. Najeriya ta buɗe wa masu jarrabawar WAEC a Agusta, Kenya kuwa ta sanar a Yuli cewa ta haƙura da shekarar baki ɗaya. Amsar malamai ita ce kasuwa fili ce kuma mutum na wucewa, aji kuwa ɗaki ne da ake zama sa'o'i, kuma ɗan kasuwa na iya ƙin fita, su ba za su iya ba.

Wa zai biya?

Gwamnati ta kafa asusun yaƙi da korona na sefa biliyan 180, ta kuma karɓi rancen gaggawa na dala miliyan 226 daga asusun lamuni na duniya a watan Mayu. Abin da malami ke aunawa shi ne abin da ya iso harabar makarantarsa da kuma ranar da ya iso. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, aka maye gurbinsa da ɗan kayan aiki irin su alli da rajista da ake rabawa ta hannun magadan gari, kuma tsohon ƙorafi ne cewa kayan na zuwa bayan an yi nisa da zango. Idan kayan korona suka bi wannan hanya, shugaban makaranta ba shi da wurin juyawa sai APEE.

Ma'anar haka ga magidanci a fili take. Za a iya ƙara kuɗin karo-karo domin sabulu da ruwa da ƙarin malami, a shekarar da rufe iyaka da Najeriya da Chadi ya durƙusar da fatauci. Mai 'ya'ya biyar zai nemi takunkumi akalla goma domin a riƙa wankewa. Inda aka matsa wa iyaye, yaran da za a fara cirewa an san su.

Tsarin safe da yamma ma zai taɓa gida ta hanyoyin da takardar ba ta lissafa ba. Yawancin yaranmu na haɗa boko da makarantar allo ko Islamiyya, kuma kashin yamma zai ci karo da lokacinta, ga sallar Juma'a da ke faɗowa daidai canjin kashi. Yarinyar da ke tashi dab da magariba za ta yi tafiya cikin duhu, abin da iyaye da yawa ba za su yarda da shi ba. Yaron da safiyarsa ta zama fanko kuwa, a watan girbi da dashen muskuwari, wato dawar rani, a karkarar Diamaré da ke kewaye da Marwa, gona za ta ja shi, kuma wanda ya yini a gona ba lallai ya iso aji da rana ba. Inda shugabannin makarantu suka zauna da iyaye da malaman allo kafin fitar da jadawali, aka sa 'yan mata da masu zuwa daga nesa a kashin safe, aka haɗa 'yan gida ɗaya a lokaci ɗaya, za a rage yawan masu ɓacewa.

Makonni huɗu na farko bayan komawar Oktoban 2020 za su nuna inda aka dosa, kuma iyaye na iya dubawa da idonsu ba sai sun jira sanarwa daga Yawunde ba: yara nawa ne a ajin ɗansu, akwai ruwa a bokitin ranar Alhamis kamar yadda yake ranar Litinin, an biya malamin iyaye kuɗin kashi na biyu, sannan a rajistar sabuwar shekarar 'yan mata nawa ne na shekarar da ta gabata ba a ga sunansu ba.